Tattasan Difa da Rikicin Awo: Wa Ke Ɗiba, Daga Wane Buhu?

Daga watan Disamba zuwa na Maris, duk wanda ya bi gaɓar kogin Kumadugu Yobe, tun daga ƙasar Maine-Sorowa har zuwa Geskeru da Boso, zai ga filaye sun yi ja wur da tattasan da manoma suka baza yana shan rana. Idan ya bushe sai a dura shi a buhuna a kai kasuwar Difa, manyan motoci su kwasa, wasu su nufi Damagaram da Maraɗi da Yamai, mafi yawa kuwa su tsallaka Najeriya. Kafin rikicin Boko Haram ya iso jahar a shekarar 2015, ana ƙiyasta abin da kwarin yake nomawa da kusan tan dubu 10 na busasshen tattasai a shekara. Wani rahoto da ƙungiyar Oxfam ta fitar a 2017 ya nuna cewa tattasai da bandar kifin Tafkin Cadi, a haɗe, suna kawo wa tattalin arzikin Nijar sefa miliyar 28 kowace shekara kafin rikicin. Ba a banza ake ce masa jan zinariya ba.

To, yaya ake gane buhu mai kyau da maras kyau? Har gobe hanyar ɗaya ce. Dillali ya kwance bakin buhu, ya zura hannu ya ɗebo, ya dubi jan, ya murtsuke ɗaya ya ji ko ya bushe ƙayau, ya sunsuna, sa'an nan a shiga ciniki. Wannan ya ishi mai saye ya yanke farashi. Amma bai isa ya gaya wa uwargida a Kano ko a Fulatari ko abin da za ta daka ta zuba a miya yana ɗauke da guba ba, domin kuwa gubar da ta fi yin ɓarna a busasshen kayan abinci ido ba ya ganinta, hanci ba ya jin ta, kuma dahuwa ba ta kashe ta.

Saboda haka ne ƙasashe suka koma ga ɗakunan gwaji. Sai dai akwai abin da ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da dama ba su lura da shi ba: ɗakin gwaji ba ya auna mota guda, ba ya auna ko da buhu guda, ɗan abin da aka ɗebo aka miƙa masa kaɗai yake aunawa. Idan ɗibar ta ɓaci, sakamakon ya ɓaci, ko da miliyan nawa aka sayi na'urar. Muddin Nijar da Najeriya ba su zauna sun amince da hanya guda ta ɗibar samfur ba, da jerin abubuwan da suka fi cancanta a nema a kowane irin kaya, to, takardar gwaji za ta zama ko dai ado, ko kuma bulala a hannun duk ma'aikacin da ya tare hanya.

Gubar da ba a gani

Sunan gubar afalatoksin. Wata irin fumfuna ce take haifar da ita, mai son gyaɗa da masara da kayan yaji idan zafi ya haɗu da danshi. Duniya ta san ta ne a 1960, lokacin da talo-talo kusan dubu 100 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Barazil. Hukumar binciken cutar sankara ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sa ta a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam sankara. Hanta take ci, kuma haɗarinta yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasashen Sahel. In ta yi yawa a abinci ma ba ta jiran shekaru: a 2004, a gabashin Kenya, mutum 317 suka kwanta, 125 daga cikinsu suka rasu, sanadin masarar da aka adana da danshi.

Kwarin Kumadugu ya yi sa'a ta gefe guda, don ana girbin tattasai ne lokacin hunturu, iska a bushe. Amma sa'ar ba ta ɗorewa. Galibi a ƙasa ake shanya shi, ƙura da dabbobi suna bi ta kai. Ɗan kasuwa yakan ajiye buhuna har damina yana jiran farashi ya hau. Kogin ma yakan yi ambaliya, kamar a watan Oktoba na 2019 da ya raba mutum kusan dubu 23 da gidajensu. Ga kuma tsaiko na dole: dokar ta-ɓaci ta 2015 ta hana cinikin tattasai har zuwa 2017, ta hana kamun kifi har zuwa 2019, Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe su bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Duk lokacin da hanya ta toshe, kaya ya daɗe a shago. Idan ya daɗe, fumfuna da ƙwari su shiga, mai kaya kuma ya nemi maganin feshi, wanda sau da yawa ba shi da izinin kwamitin Sahel mai tantance magungunan ƙwari da ke Bamako. Wato matsala guda ta haifi ta biyu.

Lissafin da kowane ɗan kasuwa zai gane

Abin da ya sa ɗibar samfur take da wuya shi ne gubar ba ta bazuwa daidai wa daida. Takan taru a ƴan ƙwayoyi kaɗan, sauran duka lafiya lau. Binciken da aka daɗe ana yi kan gyaɗa a Amurka ya nuna cewa mafi yawan kuskuren da ake samu a sakamako, wani lokaci har kashi 90 cikin 100, daga ɗiba yake fitowa, ba daga na'ura ba.

A ɗauki misali. Mota ta ɗauko buhu 500, goma daga ciki ruwa ya taɓa su sun yi fumfuna. Idan ma'aikaci ya ɗebi samfur daga buhu 5 kacal, lissafi ya nuna sau tara cikin goma ba zai dace da ko ɗaya daga cikin ɓatattun ba. Mota ta wuce da takarda mai hatimi, guba ta shiga kasuwa. Idan kuwa daga buhu 100 ya ɗeba, sama da ƙasa, gaba da baya, sau tara cikin goma zai ci karo da aƙalla ɗaya. A juya misalin kuma. A ce mai ɗibar buhu 5 ya dace da ɓatacce guda. Samfurinsa zai nuna kamar buhu ɗaya cikin biyar ne ya lalace, alhali kuwa ɗaya cikin hamsin ne. Sai a ninka laifin kayan sau goma, a yi watsi da mota sukutum, jarin mutum ya narke. Ashe ke nan mugunyar ɗiba tana cutar mai ci, tana cutar mai sayarwa, kuma ba wanda zai iya cewa yau wa za ta faɗa wa.

Ƴan kasuwa sun san rigimar da ke tashi idan tiyar wannan kasuwa ta fi ta waccan girma. Irinta ce ke jiran kayan Difa idan ma'aikacin Nijar ya ɗebi buhu biyar daga saman mota, na Najeriya ya ɗebi ashirin daga ƙasanta, kowa ya fito da tasa takardar, kowa kuma ya rantse gaskiya ya faɗa.

Duniya ba ta bar wannan batu kara zube ba. Tun 1963 hukumar abinci ta FAO da hukumar lafiya ta duniya suka kafa kwamitin Codex Alimentarius mai tsara ƙa'idojin abinci, kuma Nijar da Najeriya duk suna ciki. A 2004 ya fitar da jagoran ɗibar samfur, ya sabunta shi a 2023, kuma ginshiƙin jagoran shi ne a auna haɗari biyu tare: na mai saye, kada a wuce da mugun kaya, da na mai kaya, kada a ƙi nagari. Ga ɓararriyar gyaɗa, Codex ya ce a haɗa samfur mai nauyin kilo 20, a niƙa shi gaba ɗaya, sa'an nan a ɗebi ɗan abin da za a gwada. A shekarar 2023 ɗin dai ya ƙayyade iyakar afalatoksin a busasshen barkono: maikurogiram 20 a kowane kilo. Domin mai karatu ya gane ƙanƙantar abin, giram 20 ke nan a cikin tan dubu. A duk noman Difa na shekara guda kafin rikici, giram 200. Wanda zai nemi abu mai ƙanƙanta haka da ɗibar hannu daga bakin buhu, wasa yake yi.

Tsanani ba shi ne kariya ba

Kada a ɗauka maganin shi ne a kwafo dokar Turai a liƙa. Tarayyar Turai ta sa iyakarta a maikurogiram 10, rabin na Codex. Buhun da aka samu 15 a cikinsa halal ne a ma'aunin duniya, haram ne a Marsai. A 2001 wani bincike na Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa tsauraran iyakokin Turai kan afalatoksin za su rage mutuwar mutum bai kai biyu ba cikin miliyar guda a shekara, amma su jawo wa ƙasashen Afirka tara asarar dala miliyan 670 na hatsi da gyaɗa da busassun ƴaƴan itatuwa. Wasu masana sun yi gardamar girman adadin daga baya, amma tambayar da ya tayar tana nan: wane haɗari ake gudu, kuma nawa ne kuɗin gudunsa? Yarjejeniyar ƙungiyar ciniki ta duniya ta 1995 kan tsabtar abinci da lafiyar dabbobi da tsirrai ta tanadi cewa duk ƙasar da za ta tsananta fiye da Codex sai ta kawo hujjar kimiyya.

Sakaci ma yana da nasa farashi, kuma maƙwabciyar Nijar ta biya shi sau biyu. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, bayan an yi ta samun dikulobos a cikinsa, wato sinadarin da ke cikin fiya-fiya, har miligiram 4.6 a kilo inda iyaka take 0.01. An yi ta sabunta haramcin shekara da shekaru. A 2018 kuma Amurka ta rufe ƙofarta ga tarwaɗar Najeriya, har da mai banda, don hukumomin ƙasar ba su gabatar da cikakkun takardun da ke nuna tsarin dubansu ya yi daidai da nata ba. Na farko laifin feshi ne, na biyu laifin ofis. Duk wanda ya san yawan waken Nijar da bandar Tafkin Cadi da ke shiga kasuwannin Najeriya ya san cewa gobarar gemun maƙwabci ce. Ranar da Najeriya ta tashi gyara sunanta a idon duniya, a kan iyaka za ta fara tsanantawa, kuma motar Difa ce a gaba.

Nan ne siyasa ta shigo. A 2010 ƙungiyar CEDEAO ta amince da doka guda ta daidaita tsarin tsabtar abinci da lafiyar dabbobi da tsirrai tsakanin ƙasashenta. Tun 29 ga Janairu 2025 Nijar ba ta cikin wannan zaure. Tana cikin UEMOA, wadda take da irin dokar tun 2007, amma Najeriya ba ta ciki. Tana cikin ƙawancen AES da Mali da Burkina Faso, amma ba Bamako ko Wagadugu ne ke sayen tattasan Difa ba. Ko mutum yana goyon bayan ficewar ko yana adawa da ita, dole ya yarda cewa ta bar giɓi: babbar kasuwar jahar tana hayin kogi, kuma zauren yanki da ƙasashen biyu suke haɗuwa kan wannan batu ya kuɓuce. Tarayyar Afirka ta amince da kafa hukumar tsabtar abinci ta nahiyar a watan Fabrairu na 2025, amma kafin jaririyar hukuma ta iso gadar Difa, tattasai nawa za a girbe?

A fara da abin da ya fi kisa

Ƙasa mai ƙaramin ƙarfi ba za ta gwada komai da komai ba, kuma ba a bukatar haka. Ma'anar ƙa'ida mai bin haɗari ita ce a tambaya: a wannan kaya, me ya fi cutarwa, wa ya fi ci, a wane mataki yake ɓaci? A 2015 hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 91 a Afirka kowace shekara, yana kashe dubu 137, kuma ƙwayoyin cutar gudawa ne suka fi yawa a ciki. Mutanen Difa ba su manta annobar ciwon hanta nau'in E ta 2017 ba, wadda gurɓataccen ruwa ya yaɗa, ta kashe gomman mutane, da yawansu mata masu juna biyu.

Don haka kowane kaya da nasa abin nema. A tattasai ɗanye, ragowar maganin feshi. A busasshe, danshi da fumfuna. A garin tattasai kuwa har da algus: a 2003 Faransa ta gano jan rini na masana'antu mai suna Sudan a garin barkonon Indiya, a 2005 kuma Ingila ta janye kayan abinci iri fiye da 500 daga kantuna saboda shi. A bandar kifi, fiya-fiyar da ake yayyafawa don korar ƙwari, da dattin hayaƙi. Kayan da suka kwana damina a shago sun fi bukatar dubawa a kan sabon girbi. Ɗan kasuwar da aka gwada kayansa sau goma ba a samu komai ba bai kamata a riƙe motarsa daidai da wanda aka taɓa kamawa ba.

A dubi Fulatari, ƙaramar hukumar makiyaya a gundumar Maine-Sorowa, arewa da kogin. Ba a noman tattasai don fitarwa a can, amma batun ya shafe ta ta fuska biyu. Ta farko, kayan da aka ƙi karɓa a iyaka ba ɓacewa yake yi ba. Juyowa yake yi, a karya farashinsa, a niƙa shi don kada a ga baƙin, ya ƙare a ƙananan kasuwannin karkara inda babu mai dubawa. Tsarin da ya tsaya ga kare mai saye na waje kawai, tace guba yake yi ya zuba wa talakan gida. Ta biyu, da bazara makiyayi yana sayen dusa da tunkuzar angurya don dabbobinsa. In sun yi fumfuna, gubar takan bi jikin saniya ta fito a nono, yara su sha. Codex ya sa iyakarta a madara rabin maikurogiram a kilo. Ba wanda zai bi ruga-ruga yana gwada ƙwaryar nono. Amma ana iya gwada abincin dabbobi a wurin ƴan manyan dilolin da ke kawo shi, a kuma dage da wa'azin tafasa madara saboda tarin fuka da sauran cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum. Wannan shi ne sa kuɗi inda zai yi aiki.

Masu cewa ba yanzu ba

Za a samu masu cewa jahar da ke fama da rashin tsaro da ƴan gudun hijira ba ta da lokacin maganar maikurogiram. Za a samu ƴan kasuwa masu cewa kowace sabuwar takarda sabon shinge ne, kowane shinge kuma da kuɗin goronsa. Tsoronsu yana da tushe. Amma cin hanci a duhu yake ƙiba. Inda doka ta ce kawai kaya ya zama mai kyau, ba ta faɗi buhu nawa za a buɗe ba, wa zai buɗe, a gaban wa, kwana nawa za a jira, to, ma'aikaci shi ne doka. Rubutacciyar hanya tana ɗaure hannun mai son zuciya, tana kuma kare ma'aikacin kirki daga matsin babban mutum mai mota. Game da tsaro kuwa, jahar da aka hana ta nomanta da kamun kifinta na shekaru ba za ta iya ɗaukar wani sabon haramci ba, wannan karon da sunan tsabta.

Abin da ya rage shi ne aiki, kuma bai fi ƙarfin ƙasa ba. Da farko, hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971 kuma mazauninta yake Yamai, ta zaunar da hukumar ƙa'idoji ta ANMC da ɗakin gwaji na ƙasa LANSPEX da takwarorinsu na Najeriya, musamman NAFDAC, su rubuta hanya guda ta ɗiba ga kaya uku kacal: tattasai, banda da wake. Ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba. Jagoran Codex yana nan. Kowace ƙasa ta karɓi sakamakon ɗayar muddin an bi hanyar.

Na biyu, a kawo gwajin kusa da kaya. Tsakanin Difa da Yamai ya fi kilomita 1,300. Samfurin da zai yi wannan tafiya ya dawo da amsa, mota ta gaji da jira. Na'urar auna danshi da ƴan tsinkayen gwajin gaggawa masu ba da amsa cikin mintoci sun isa tacewar farko a kasuwar Difa, Jami'ar Difa da aka kafa a 2014 ta horar da masu ɗiba, sai abin da aka yi shakka a aika babban ɗakin gwaji.

Na uku, a ba mai kaya haƙƙin ɗaukaka ƙara. A yi ɗiba a gabansa, a niƙa, a raba uku: ɗaya na gwaji, ɗaya nasa, ɗaya a rufe da hatimi don raba gardama. A liƙa kuɗin gwaji da wa'adinsa a ƙofar ofishin duwan da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Faransanci. A kuma rubuta makomar kayan da ya faɗi, don kada ya sulale ya koma karkara.

Na huɗu, a tare ɓarnar tun daga gona: shanya a kan tamfol ko a kan gado maimakon ƙasa, tsince ruɓaɓɓu kafin durawa, ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Buhun nan mai riɓi uku, wanda cibiyar binciken noma ta INRAN ta taimaka wajen yaɗa shi tun 2007, ya nuna ana iya adana wake ba tare da feshi ba. Kayan da aka gwada ya fito da tsabta kuwa ya samu ƙarin farashi, in ba haka ba babu manomin da zai wahalar da kansa.

Ƙungiyoyin manoman tattasai da na ƴan kasuwar Difa su ne ya kamata su fara ƙwanƙwasa ƙofar gwamnan jaha da ta ministan kasuwanci da wannan buƙata, domin su ne za su fara kuka idan aka yanke hukunci ba su nan. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙasar da ba ta rubuta yadda za a ɗebi kayanta ba, wata ce za ta rubuta mata, a kan iyaka, motoci na jere a rana.